Kalmomin da Suka Riga Bindiga Ƙetare Komadugu

Tsakanin Bosso da Malam Fatori babu abin da ya raba sai kogin Komadugu, wanda idan rani ya yi nisa yaro ma yakan tsallaka shi da ƙafa. Wannan gaɓa Nijar, waccan Najeriya, amma dangi ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwar juna, kuma naira ce kuɗin hannu a yawancin kasuwannin jihar Diffa. Duk abin da aka faɗa a kan mumbari a Maiduguri ba ya daɗewa sai an ji shi a Diffa da Tumur da Maine-Sorowa. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta fara kai hari a fili cikin Nijar, a Bosso da Diffa rana guda. Ranar 3 ga Yuni 2016 ta dawo Bosso da ƙarfinta, ta kashe sojoji sama da ashirin, mutane wajen dubu 50 suka watse. Waɗannan ranaku kowa ya riƙe su. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne kalmomin ƙungiyar sun riga bindigoginta isowa da kusan shekara goma, cikin kaset da faifai, daga baya cikin wayoyin samari, da muryar jagoranta Muhammad Yusuf yana wa'azi da Hausa da Barbarci daga Markaz Ibn Taimiyya.

Masu nazarin ƙungiyoyin da ke mallake mabiyansu sun daɗe da lura cewa kowace irinsu tana da harshenta na cikin gida. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Jay Lifton, ya zauna a Hong Kong yana tattaunawa da mutanen da suka fito daga gidajen gyaran tunani na ƙasar Sin, ya fitar da littafinsa a 1961. Cikin alamomi takwas da ya lissafa akwai ɗora wa kalma kaya: a ɗauki matsala mai rassa da yawa a cusa ta cikin gajeriyar kalma mai sauƙin haddacewa, ta yadda da an furta ta tunani ya tsaya. Wasu ƙungiyoyin a Turai da Amurka sukan ƙirƙiro sababbin kalmomi da na waje ba ya ganewa, kuma wannan ma rahama ce, domin uwa tana jin baƙuwar kalma a bakin ɗanta za ta san wani abu ya shigo gidan. Namu bai zo da wannan sauƙin ba. Boko Haram ba ta ƙirƙiro kusan komai ba. Hijira, tuba, zakka, shahada, ɗan'uwa, jama'a, duk kalmomi ne da muka taso muna ji a makarantar allo da huɗubar Juma'a. Ta bar lafazin yadda yake, ta cire sharuɗɗan da malamai suka kewaye shi da su, sannan ta sauya wanda kalmar ke nunawa. Shi ya sa iyaye da yawa suka ga ɗansu ya kama salla, ya bar shaye-shaye, bakinsa cike da Larabci, suka yi hamdala.

Kalmar da ta fi kowace aiki ita ce ɗagutu. A wurin malamai, ɗagutu shi ne abin da ake bauta wa koma bayan Allah. Yusuf, cikin wa'azinsa da littafinsa na 2009 mai suna Hazihi Aƙidatuna, ya ɗora ta a kan tsarin mulki da dimokuraɗiyya da gwamnatin da ke tafiya a kansu. Daga nan sai kalmar ta fara gangarowa. Idan gwamnati ɗagutu ce, soja da jandarma da alƙali bayin ɗagutu ne. Malamin makarantar boko ma'aikacinsa ne, tunda albashinsa yake ci. Mai gari da hakimi su ke tara masa haraji. Da aka zo zamanin Abubakar Shekau, har manomin da ya zaɓi zama a garin da ke hannun gwamnati, ko matar da ta gudu da 'ya'yanta zuwa sansanin 'yan gudun hijira, sun shiga sahu, domin a ganinsa duk wanda bai fito ya bayyana ƙiyayyarsa ga ɗagutu ba ya kafirta, kuma jahilci ba uzuri ba ne. Kowane mataki yana kama da ɗan ƙaramin ƙari kan na baya, amma ƙarshen gangaren shi ne abin da aka gani a Kablewa cikin Yuni 2017, inda mata biyu suka tada bam a sansanin mutanen da suka rasa gidajensu, da abin da aka gani a Tumur cikin Nuwamba 2018, inda aka kashe mutum takwas a sansanin masu haƙa rijiyar burtsatse, mutanen da aikinsu shi ne samar wa 'yan gudun hijira ruwan sha.

A littattafan fiƙihu, kafirta mutum ƙofa ce mai makullai da yawa. Sai an tabbatar ya san hukuncin, ya yi da gangan, ba tilasta shi aka yi ba, ba kuma wata fassara ya riƙe ba ko da kuskure ce, sannan alƙali ne ke yanke magana. Kowane ɗalibi ya san labarin Usama bin Zaid, da ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi bisa zaton tsoro ne ya sa shi, da irin faɗan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa. An san labarin Ammar bin Yasir da aka azabtar har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, aka kuma karɓi uzurinsa. Duk wannan karatu na shekaru, kalma ɗaya ta haɗiye shi. Saurayi ɗan shekara goma sha bakwai da bindiga a kafaɗa ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma bai ji yana zalunci ba, domin kalmar ta riga ta yanke hukuncin kafin ya iso ƙauyen.

Da malamai suka tashi raddi, sai aka tarar an riga an tanadar musu suna. Malaman gwamnati ne, malaman fada, masu sayar da addini. Wannan laƙabi shi ne ke rufe ƙofa ta baya, domin da zarar an manna wa malami shi, ba sauran buƙatar a saurari hujjarsa. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kan tafarkin Yusuf kafin a harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi, Kano, cikin Afrilu 2007. Sheikh Muhammad Auwal Albani na Zariya ya yi ta warware hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, aka kashe shi a Fabrairu 2014, Shekau kuma ya fito ya yi alfahari da kisan.

Hijira ita ce kalmar da ta ɗebi mutane da ƙafafunsu. Tun a 2003 wasu samari suka ƙaurace wa Maiduguri suka kafa sansani kusa da Kanamma a jihar Yobe, daf da iyakar Nijar, suna cewa sun bar ƙasar kafirci, kafin su far wa ofisoshin 'yan sanda a ƙarshen shekarar. Daga baya dajin Sambisa da tsibiran tafkin Chadi suka zama daula, duk abin da ke wajenta kuma ƙasar kafirci, ko da ana kiran salla sau biyar a cikinsa tun zamanin sarakunan Saifawa. Ba a gaya wa yaron da ake kira zuwa hijira cewa hijirar farko a Musulunci zuwa Habasha aka yi ta, ƙarƙashin sarki Kirista, saboda adalcinsa. Abin da ake gaya masa shi ne idan ya mutu a gidan ubansa ya mutu a kan ɓata.

A nan ne kalmar ɗan'uwa ke sauya gida. A ce saurayi ya dawo ƙauye da dare bayan wata shida. Uwarsa ta fito, ta ce, "Ɗana, ka dawo? Zo ka gaida babanka." Ya tsaya a bakin zaure bai durƙusa ba, ya ce, "Iya, ku tuba ku yi hijira. 'Yan'uwa sun ba ni kwana uku in fito da ku." Tsohon da ke ciki ya yi shekara hamsin yana salla, wataƙila shi ya kai yaron makarantar allo da hannunsa. Wace tuba ake nema daga gare shi? Su wane ne 'yan'uwan, alhali ƙannen yaron na kwance a ɗaki? Uwar ta fahimci kowace kalma, amma ba ta gane maganar ba, shi kuma yana ganin rashin ganewarta hujja ce a kanta. Irin wannan tsayuwa a bakin zaure ita ce ainihin abin da harshen cikin gida ke yi: mutum biyu na magana da yare ɗaya, amma an riga an yanke igiyar da ke tsakaninsu. A cikin daular kuma an raba mutane biyu, rijal masu ɗaukar makami da awam talakawan da ke noma da su a ƙarƙashinsu, ga muƙamai masu daɗin ji a kunne, amir, munzir, ƙa'id. Yaron da a garinsu ba shi da abin auren fari, ba a tambayar ra'ayinsa ko a fadar shayi, rana ɗaya ya wayi gari ana ce masa amir. Kada mu raina ƙarfin wannan.

Sai dukiya. Arzikin wannan yanki a bayyane yake: tattasan bakin Komadugu da ake busarwa a kai kasuwannin Najeriya buhu-buhu, bandar kifin tafki, da shanu. Kwashe shanun Bafulatani ko buhunan manomi sunansa fashi a kowane yare. A bakin ƙungiyar ya zama ganima ko fai'i, domin an riga an kafirta mai dukiyar, kuma da an kafirta shi dukiyarsa ta halatta. Kalma ɗaya ce ke buɗe wa ɗaya hanya. Ɓangaren da ya ɓalle wa Shekau daga baya ya fi iya lissafi. Masunci zai shiga ruwa, a tare shi a mashigi, ya biya, a yago masa takardar shaida mai tambari, a ce haraji ne. Makiyayi a ƙirga garkensa a cire dabba, a ce zakka ce. Zakka tana da nisabi, tana da lokacin cika shekara, tana da mutane kala takwas da aka ambata za a ba. Wadda ake karɓa da bakin bindiga a sayi harsashi da fetur ba ta da ko ɗaya daga ciki sai sunan. Amma sunan yana aiki ta fuska biyu: mai karɓa ba ya jin kansa ɓarawo, mai bayarwa kuma yana samun abin da zai lallashi zuciyarsa da shi ya koma ruwa gobe, tunda iyali sai sun ci.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda aka yi da aure da shahada. A watan Yuli 2017 aka shiga Ngalewa, aka yanka mutum tara, aka tafi da mata da yara kusan arba'in. Irin waɗannan mata, kamar 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilu 2014, idan sun isa daji ana ce musu an aurar da su, ko kuma bayi ne. Babu waliyyi, babu yarda, babu dangin da suka shaida, amma an kira shi aure, har ita yarinyar idan Allah ya kuɓutar da ita takan ce "mijina", domin ba ta da wata kalmar da za ta iya ɗaukar abin da ya same ta. Yarinyar da aka ɗaura wa bam kuma an ce mata shahada za ta yi. Shi kansa kisan, a bakin mayaƙa, aikin Allah ne. A Ruwanda ma, a 1994, masu kisan ƙare dangi aiki suke kiran abin da suke yi, waɗanda ake kashewa kuma kyankyasai. Mutum ba ya iya yanka maƙwabcinsa kullum yana kiran abin da sunansa.

Me ya sa kalmomin suka kama? Wani dalilin shi ne girman da muke ba Larabci ba tare da mun san shi ba. Mutumin da ya jero aya biyu da hadisi ɗaya da sauri, a wurin da yawancin masu sauraro sun haddace amma ba su karanci fassara da fiƙihu ba, ya riga ya ci rabin muhawara. Binciken da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017 kan masu shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka ya nuna kashi 57 cikin ɗari na waɗanda suka shiga da kansu sun ce fahimtarsu ga nassosin addini kaɗan ce ko babu. Wato ƙarancin karatu ne ke buɗe ƙofa, kuma zurfinsa kariya ne, saɓanin masu ɗora laifin duka a kan makarantar allo. Binciken ya kuma ce kashi 71 sun ambaci wani abu da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, a matsayin abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe. Ga kuma jari da babur da kuɗin aure da aka riƙa ba samari. Kalmar ɗagutu ba ta da wuyar sayarwa ga wanda aka mari ubansa a shingen bincike.

Amma kalmar da aka cire wa sharaɗi ba ta san mai gidanta ba. A Maris 2015 Shekau ya yi mubaya'a ga Abubakar al-Bagadadi, shugaban ƙungiyar IS na lokacin. A Agusta 2016 aka sanar da Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, a matsayin sabon shugaba, shi da Mamman Nur suna zargin Shekau da wuce gona da iri wajen kafirta Musulmi da kashe na kusa da shi. A 2018 ɓangaren Barnawi ya fitar da littafi guda yana kiran mutanen Shekau Hawarijawa, su kuma suna mayar musu da kalmar ridda. A wannan shekarar Mamman Nur ya mutu a hannun mutanensa. A Mayu 2021 Shekau ya tarwatsa kansa a Sambisa lokacin da tsofaffin 'yan'uwansa suka ritsa shi. Tun daga nan ragowar mayaƙan Shekau da na ɗaya ɓangaren ke kashe juna a tsibiran tafki, kowa na kabbara, kowa na kiran na gabansa murtaddi da ayoyin da suka koya a zaure ɗaya.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a bakin kogin nan. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, wanda kufansa ke kusa da Gaidam, a kwarin Komadugu ɗin nan. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana tambayar hujjar yaƙar mutanen Barno. Ya yarda akwai saɓo da rashawa da miyagun al'adu, amma ya tsaya a kan cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya ba da amsa da nasa hujjojin, ya kuma adana wasiƙun cikin Infaƙul Maisur har muka gada. Ko wane ɓangare mutum ya fi karkata, zai ga malamai ne ke auna kalma da ma'auni, kowa na ɗaukar ɗayan a matsayin wanda ya cancanci amsa. Shehu Usmanu da kansa ya yi rubutu yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Tun farko ma, da Hawarijawa suka ɗaga takensu na cewa hukunci na Allah ne kaɗai, Sayyidina Ali bai ƙaryata lafazin ba, manufar da aka ɓoye a bayansa ya tona.

Kada a fahimce ni da cewa duk jama'ar da ke da kalmominta abin tsoro ce. 'Yan ɗariƙa suna da wazifa da muƙaddami da faila, 'yan Izala suna da nasu, mahauta da 'yan kamasho ma haka. Abin dubawa shi ne yadda kalmar ke yi da tambaya. Idan ka ce "Malam, mene ne sharaɗin wannan?" aka buɗe littafi aka zauna da kai, lafiya. Idan aka ce tambayar kanta alamar munafunci ce, ko shubuha ta shige ka, to an fara rufe ƙofa. Sai a duba sunan da ake ba wanda ya bar tafiyar, da abin da sunan ke halattawa a kansa. A duba kuma ko da'irar mutanen kirki kullum ƙara tsukewa take, yau an fitar da hukuma, gobe malamai, jibi iyaye.

Mu ma da ke waje harshenmu bai tsira ba. Tsoro ya sa a garuruwa da yawa ba a kiran sunan ƙungiyar, sai a ce yaran nan, ko mutanen daji, domin ba ka san wa ke zaune kusa da kai ba. Hukuma kuma tana da nata gajerun kalmomi masu haɗiye bayani. Bayan dokar ta-ɓaci ta Fabrairu 2015 aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don toshe wa ƙungiyar kuɗi, bayan harin tsibirin Karamga na Afrilu kuma aka umarci mazauna tsibirai su fice cikin 'yan kwanaki. Mai haɗa baki ya zama sunan da ke iya hawa kan masuncin da ya biya haraji don ya tsira da ransa, ko matar da aka gani da buhun gero a hanyar daji, wani lokaci ma kan ƙabila sukutum, kamar yadda Buduma suka sha zargi. An kwashi ɗaruruwa zuwa gidajen kaso na Kollo da Kutukale, da aka fara shari'a a 2017 aka saki da yawa saboda babu hujja. Ban daidaita soja mai tsaron gari da mai ƙona shi ba. Amma duk sanda aka hukunta mutum da laƙabi ba tare da bincike ba, an ƙara wa mai wa'azin daji hujja kyauta.

A Disamba 2016 Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya sanar da cewa duk wanda ya ajiye makami za a karɓe shi, aka buɗe cibiyar Gudumariya. A Disamba 2019 rukunin farko, mutum sama da ɗari, suka fito bayan sun koyi sana'a sun kuma rantse da Alƙur'ani. Ana kiransu tubabbu, sunan da ke bin mutum har kasuwa da wurin neman aure. Koyar da ɗinki da walda abu ne mai kyau, rantsuwa ma haka, amma wanda ya yi shekara biyar yana kiran fashi ganima yana buƙatar malamin da zai zauna da shi, da Barbarci ko Buduma ko Hausa, su bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, a mayar wa kowace sharuɗɗanta, a kuma bar shi ya yi gardama har ya gamsu. Wannan aiki ne na limaman unguwa da malaman zaure da gidajen rediyon yankin, kuma yana buƙatar a tsare rayukan malaman da suka yarda su yi shi, tunda an ga abin da ya sami na farko. Babba ma da sauƙi, domin yana da tsohuwar ma'ana da zai koma gare ta. Yaran da aka haifa a tsibirai bayan 2015 ba su taɓa jin hijira ko zakka ko kafiri da wata ma'ana ba sai ta daji, kuma suna fitowa tare da iyayensu mata zuwa Bosso da Tumur da Diffa. Su daga farko za a fara musu, a aji ɗaya da 'ya'yan waɗanda iyayensu suka kashe, kuma malamin da zai tsaya gaban wannan aji yana buƙatar horo da albashi da tsaro.